Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Ni ce mai sayo wa Yaya maganinta. Tun da aka cire mata mama ɗaya saboda cutar kansa, aka gama kemo da gashin wurin da na'ura, likita ya ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya, ɗaya kullum, ya ce shekara biyar za ta yi tana sha, wataƙila ma fiye. Duk ƙarshen wata nakan biya kemis in kai mata kwali guda. Wata rana na kai, tana kan sallaya, ta yi mini nuni in saka a durowa. Ina buɗewa na tarar da kwalin watan jiya ko ɓare shi ba a yi ba. A gefensa ga jarkar tsumi, ga ƙullin garin magani a leda, ga wata kwalba mai hoton fure da rubutun Turanci, wai tana daidaita homon ɗin mace, wato sinadaran jiki masu tafiyar da haila da haihuwa.

Da ta shafa addu'a na ce, "Yaya, me ke nan nake gani?"

Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, "Ke dai bari. Maganin nan ya busar da ni. Ko tafiya na yi sai in ji kamar an barbaɗa mini barkono. Maganar Alhaji kuwa ba a yin ta, wata huɗu ke nan ina ba shi haƙuri."

"Kin gaya wa likita?"

"In ce masa me? Yaron da bai wuce sa'an ƙaninmu ba, ga ɗalibai sun cika ɗaki?"

Wannan hirar ce ta sa ni rubutu. Bushewar gaba bayan kansar mama ciwo ne na gaske, yana da magani, kuma shirun da ake yi a kansa a asibiti shi ke tura mata hannun masu sayar da abin da ba wanda ya san me ke cikinsa. Mun fi son mu zagi mai tallan kayan mata a Instagram, ni ma ina da abin faɗa a kanta. Sai dai cikin duk mutanen da suka taɓa jikin Yaya a shekara biyun nan, ita kaɗai ce ta tambaye ta yadda take ji a shimfiɗa, kuma ta yi tambayar da Hausa.

A Turai da Amurka, kusan bakwai cikin goma na kansar mama irin wadda ke rayuwa da istrojin ce, wato homon ɗin da gidan ƙwan mace ke samarwa. Ƙwayoyin ciwon suna da wata kafa da istrojin ke bi ya zaburar da su su hayayyafa. Shi ya sa idan an yanki tsoka an kai gwaji ake duba ko tana da wannan kafa. Mai ita ce ake rubuta wa ER+ a takardar sakamako. Idan an same ta, an samu hanyar yaƙi, wato a hana ciwon abincinsa. Tamoksifen, wanda aka fara bayarwa a Ingila tun 1973, zama yake yi a bakin kafar ya tare hanya. Letrozol da anastrozol da eksemestan aikinsu daban. Bayan haila ta ɗauke gidan ƙwai yana daina aiki, amma kitsen jiki na ci gaba da ƙera ɗan istrojin kaɗan, to su waɗannan sai su kashe ɗan murhun da ya rage, jiki ya koma kusan babu ko ɗigo. Amfanin wannan yunwa da ake gana wa ciwon ba ƙarami ba ne. Da aka tattara gwaje-gwajen duniya a 2011, an ga shan tamoksifen na shekara biyar yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15.

Amma istrojin ba mama kaɗai yake wa aiki ba. Shi ke sa fatar cikin farji ta yi kauri da laushi, jini ya riƙa gudana a wurin, danshi ya riƙa zuwa da kansa. Shi ke sa fatar ta tara wani nau'in sukari da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke ci, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su kuma su sa wurin ya yi ɗan tsami yadda miyagun ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama. Idan istrojin ya tafi, fatar ta yi siriri kamar takarda, ta bushe, ta daina miƙewa, tsamin ya gushe. Daga nan sai raɗaɗi, ƙaiƙayi, tsagewa da ɗan jini wajen kwanciya, fitsari mai zafi da yawan matsuwa, da ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa. A 2014 ƙungiyoyin likitoci a Amurka suka sauya wa lalurar suna don sunan ya haɗa har da mafitsara, saboda tsohon sunan farji kawai yake ambata. Mata da yawa suna haɗuwa da ita bayan haila ta ɗauke, amma sannu a hankali. Mai kansar mama kuwa, wadda kemo ya tsayar wa da haila tana da shekara 40 da 'yan kai, a wata uku ake jefa ta inda wata ke kai wa a shekara goma. Kuma ba kamar zafin jiki da gumin dare ba, waɗanda sukan lafa da kansu, wannan idan an ƙyale shi gaba yake yi.

Mu a nan duk ƙaiƙayi sanyi ne. Yaya ta sha maganin sanyi kala uku kafin in ga durowar nan. Ta yi tsarki da ruwan zafi, ta shiga ruwan bagaruwa, wata ƙawarta ta ba ta matsi. A yi tunani: bagaruwa da ake jima da ita, wadda aikinta shi ne ta tsotse ruwa ta ƙame fata, ita aka kai wa fatar da ƙishirwa ke kashewa. Duk wani abin matsi haka yake, an yi shi ne don ya tsuke ya busar. Ga macen da ke wannan hali, ƙara wa borno dawaki ne a wajen ciwon, kuma tsagewar da yake jawowa ƙofa ce ga cuta ta gaske, wadda a da babu ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a durowar shi ne kwalin da ba a ɓare ba, jarkar ma ta biyo baya. Wani bincike da aka buga a 2010 ya bi mata sama da 8,000 a arewacin Kaliforniya, mata masu inshora, waɗanda magani ba ya musu wuyar samu. Rabinsu ne kawai suka sha maganin yadda ya kamata har ƙarshen lokaci, kusan ɗaya cikin uku sun ajiye shi gaba ɗaya, kuma da aka ci gaba da bibiya an ga waɗanda suka ajiye sun fi mutuwa. Idan haka ta faru a inda likita ke da lokacin sauraro, ina ga wadda ke sayen maganinta da kuɗin adashe, ga miji na huci, ga dangi na raɗe-raɗin zai ƙaro aure? Ba wanda zai ga ranar da ta daina sha. Bayan shekara uku sai a ji ciwon ya dawo a ƙashi ko a hanta, a ce kwana ne ya ƙare.

Yanzu maganar kwalba. Mai talla ta ce kayanta na dawo da ni'ima daga ciki, yana gyara homon. Ko dai gaskiya ta faɗa ko ƙarya. Idan ƙarya ce, kuɗi ne ya tafi, da sauƙi. Idan kuwa gaskiya ce, idan da gaske abin yana yi wa jiki aikin istrojin, to ainihin abin da ake biyan kuɗi kowane wata don a raba ta da shi ne take zubawa a cikinta. Ga mace mai ciwon da ke cin istrojin, maganin mata mai aiki ya fi marar aiki haɗari. Ban taɓa jin mai talla ta tambayi mai saye ko an taɓa yi mata aikin mama ba.

Kuma akwai masu aikin. Akwai wani saiwa daga Tailan da ake rubuta sunansa Pueraria mirifica, ana zuba shi a mayuka da ƙwayoyin ƙara girman mama da ƙugu. Sinadarin da ke cikinsa yana da ƙarfi irin na istrojin, har a 2017 hukumar kare masu saye ta Japan ta yi gargaɗi a kansa bayan 'yan mata sun yi ta kai ƙorafin rikicewar haila da zubar jini. Akwai DHEA, wanda a Amurka ake sayarwa a kanti ba tare da takardar likita ba, alhali homon ne da jiki ke juyawa ya koma istrojin da homon ɗin maza. Akwai ƙwayoyin da ake tace sinadarin waken suya ko na wani fure mai suna red clover a dunƙule, a ce maganin ɗaukewar haila ne. Akwai black cohosh, wanda tun 2006 hukumomin magani na Turai suka yi gargaɗin yana iya taɓa hanta. Hulbarmu ma, wadda kusan kowane haɗin mata ke ɗauke da ita, ta nuna hali irin na istrojin a ɗakin gwaji, shi ya sa asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering da ke New York ya sa ta cikin abin da mai irin wannan ciwo za ta tambayi likita kafin ta sha. Ɗan barbaɗi a abinci daban, cokali biyu a madara safe da yamma wata da watanni daban.

Wata hanyar ɓarnar ta hanta ce. Tamoksifen da aka haɗiya bai gama zama magani ba sai hanta ta sarrafa shi ya koma wani sinadari mai suna endoksifen, wanda shi ke yin mafi yawan aikin. Duk abin da ya dagula wa hanta lissafi ya taɓa maganin. Ganyen St John's wort, da ake sha don damuwa da rashin barci, yana sa hanta ta yi gaggawar fitar da magunguna da yawa daga jiki kafin su yi aiki. Likitoci a Rotadam ta ƙasar Holan sun gwada ƙwayoyin sinadarin kurkur a kan mata masu shan tamoksifen, suka buga a 2019 cewa endoksifen ya ragu a jininsu, kuma ya fi raguwa idan an haɗa da sinadarin masoro, wanda masu haɗa ƙwayoyin ke zubawa don wai jiki ya fi tsotsa. Ba ma ganye kaɗai ba: paroksetin da fluoksetin, magungunan asibiti ne na damuwa, amma suna toshe hanyar da hanta ke bi wajen sarrafa tamoksifen. Idan maganin da aka auna aka san nauyinsa zai iya karo da wani, ina ga jarkar da aka haɗa abu goma sha biyu aka rufe da leda?

Kada wata ta karanta wannan ta daina cin awara. Ina faɗa ne don na san mu, da an ce waken suya sai a haramta shi a gidan gaba ɗaya. An bi mata kusan 5,000 masu kansar mama a Shanghai, aka buga sakamakon a 2009, kuma waɗanda suka fi cin abincin waken suya ba su fi sauran dawowar ciwo ba, su ne ma suka fi ƙarancinsa. Awara abinci ce, madarar waken suya abinci ce. Haka aya da dabino da kwakwa da kankana da zuma. Ba za su warkar da bushewar da letrozol ya jawo ba, kowa ya ce miki za su warkar ya ruɗe ki, amma ki ci abinki. Rigimar tana farawa ne inda aka tace abu aka ninka shi aka cusa a kwanson magani, ko inda aka haɗa aka ƙi faɗar abin da aka haɗa. Akwai ma ƙarin da likita da kansa zai rubuta, kamar kalsiyom da bitamin D, saboda letrozol da 'yan uwansa suna zaizaye ƙashi.

Za a ce ai daga waje aka kawo, ko ai da lambar NAFDAC. A Amurka, tun dokar 1994, mai haɗa irin waɗannan ƙwayoyi ba ya buƙatar ya tabbatar wa hukuma suna aiki kafin ya kai kasuwa. Sai an samu matsala hukuma ke biyo baya. Daga 2007 zuwa 2016 hukumar abinci da magunguna ta can, FDA, ta kama kaya 776 da aka ɓoye magungunan asibiti a cikinsu, kuma kusan rabinsu na ƙarin kuzarin kwanciya ne, sai na rage ƙiba da na gina jiki. A 2022 har a cikin zuma ta samu an zuba sinadarin Viagra. Lambar NAFDAC ta maganin gargajiya kuwa, wadda ke ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba ba a ga guba ba a gwajin farko. Ba shaidar yana warkarwa ba ce, shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jikin kwalin ba. Lambar ba ta ce komai a kan mace mai shan tamoksifen. Tsumin da ake aikowa ta tasha a jarkar lemo ko wannan lambar ba shi da ita.

To me ke aiki? Matakin farko ba ruwansa da homon, kuma abu biyu ne da ake yawan rikitawa. Akwai man danshi na farji, irin su Replens ko masu sinadarin hayaluronik, wanda ake sakawa a kai a kai ko da miji ko babu, kamar yadda ake shafa wa kaushi mai. Sauran mata sau biyu ko uku a mako ya ishe su, mai shan maganin kansa tana iya buƙatar sau uku zuwa biyar, kuma sai an yi makonni ana yi kafin a ji canji. Sai man santsi, na lokacin kwanciya kawai, mai ruwa ko mai silikon, wanda ba turare ba ɗumi ba yaji a cikinsa. Vaseline da mata suka fi kai wa hannu bai dace da ciki ba, yana lalata kwaroron roba, kuma an danganta shi da rikicewar ƙwayoyin farji. A bar sabulu mai ƙamshi da turaren tsugunno da wanke ciki, ruwa zalla a waje ya wadatar. Idan zafin a bakin wurin yake, wani gwaji da aka yi a Oregon ta Amurka aka buga a 2015 ya nuna ɗora auduga mai ruwan lidoken na minti uku kafin kwanciya ya sauƙaƙa wa mafi yawan matan da suka gwada. Wannan maganin kashe zafi ne da kowane asibiti ke da shi, likita ne dai zai rubuta. Wadda jikinta ya saba ɗaurewa don tsoron zafi, akwai atisayen sassauta tsokar ƙugu da masu gyaran gaɓɓai ke koyarwa. Na'urar leza, mai haska fatar farji da wani haske mai ƙarfi, da wasu asibitocin kuɗi ke tallatawa kuwa, FDA ta yi gargaɗi a kanta a 2018, kuma da aka gwada ta a Ostireliya a 2021 ba ta fi na'urar da ba a kunna sosai ba amfani. Wannan a ajiye kuɗin.

Idan duk an yi wannan ba a samu sauƙi ba, akwai mataki na biyu, kuma a nan ne abin ke ba ni mamaki. Akwai istrojin ɗan mitsitsi da ake sakawa a farji. Da Yaya ta ji sunan sai ta dafe ƙirji, ita da ta yi wata biyu tana kwankwaɗar abin da ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin haɗinsa ba. Tsoron nata yana da asali. Istrojin na sha, mai zaga jiki duka, an gwada shi a kan mata masu tarihin kansar mama a Suwidin, aka tsayar da gwajin a 2003 saboda ciwon ya fi dawowa ga masu sha. Wannan ƙofa a rufe take. Amma na sakawa wani ma'auni ne daban: ƙwayar mai nauyin maikrogiram 10, sau biyu a mako, idan aka tara na shekara guda bai wuce miligiram ɗaya da ɗan ɗoriya ba, wato kusan abin da ke cikin ƙwayar sha ta kwana ɗaya. A Denmak an bi mata 8,461, aka buga a 2022, ba a ga ƙarin dawowar ciwo ko mutuwa ga masu amfani da shi ba idan an haɗa su duka. Sai dai da aka ware masu shan letrozol da 'yan uwansa, an ga ciwon ya ɗan fi dawowa a cikinsu, ko da yake mutuwa ba ta ƙaru ba. A Sukotlan da Wels kuma an duba mata kusan 49,000, ba a ga ƙarin mutuwa daga kansar mama ba. Hankali ma zai ba da bambancin. Mai shan tamoksifen tana da mai gadi a bakin kafa, ko ɗan istrojin ya tsallaka cikin jini zai tarar da hanya a toshe. Mai shan letrozol kuwa duk kariyarta ita ce a ce babu istrojin a jinin. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce ana iya bayar da shi idan matakin farko ya gaza, amma da shawarar likitan da ke kula da kansar, kuma an fi taka-tsantsan da masu letrozol. Wani lokaci mafita ita ce a mayar da mace kan tamoksifen, wanda bai kai su busarwa ba. Wannan duk hukunci ne na likitan da ya san girman ciwonta da matakinsa. Kada kowa ta je kemis ta sayi man istrojin a bututu ta riƙa matsawa da ka, shi ma'auninsa ya fi wuyar kiyayewa. Kuma duk mai shan tamoksifen da ta ga jini bayan haila ta ɗauke, kada ta ce bushewa ce, ta je a duba mahaifa, don maganin yana ɗan ƙara haɗarin kansar mahaifa.

Na san abin da likitocinmu za su ce, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya ya nuna a 2022 mata sama da 30,000 ne suka kamu da kansar mama a Najeriya, kimanin 16,000 suka mutu. Akasari sai ciwo ya fashe ake zuwa. Likita ɗaya, layi har baranda, na'urar gashi yau tana aiki gobe ta tsaya. A irin wannan hali, wa ke da lokacin maganar ni'ima? Amsata ita ce, wadda ta kai matakin shan ƙwayar nan ita ce ribar duk wahalar. An sayar da fili an yi mata kemo, an yi jigila zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja don gashi, saura mafi arha kuma mafi sauƙi a cikin maganin, sai a bari ya zube saboda tambayar da ba ta cin minti ɗaya. Ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta rubuta a ƙa'idarta ta 2018 cewa ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya fara tayar da maganar, kada a jira majiyyaci. Idan Ba'amurkiya na buƙatar a fara yi mata tambaya, ina ga Bahaushiyar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa? Ba sai likitan da kansa ba. Nas mace guda, a ɗaki mai ƙofa, ta ce, "Hajiya, maganin nan yakan kawo bushewa da zafi a gaba, kina ji? Me kike sha ban da namu?" Kuma a yi tambaya ta biyun ba da faɗa ba, don wadda aka yi wa tsawa a kan tsumi sau ɗaya ba za ta daina sha ba, faɗa kawai za ta daina.

Mu ma matan da namu. Kunya ado ce, amma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba, kuma tambayoyinsu na haila ne da wanka da janaba. Wadda ta buɗe ƙirjinta aka yanka ta riga ta wuce wurin ɓoye cibi.

Mazan kuma a shigo da su ɗakin likita. Alhaji, da na samu zama da shi daga baya, ashe shi a tunaninsa Yaya gudunsa take yi don kunyar tabon ƙirjinta, wani lokacin ma ya ɗauka ta daina sonsa. Ba wanda ya taɓa gaya masa ƙwayar da yake ba da kuɗinta ita ke jawo abin, kuma ita ke tsare masa matarsa. Namijin da ya san haka ya ci gaba da matsa wa mace tana kuka, wannan ya san hukuncin cutarwa a addini, ba sai na karanta masa ba. Amma da yawansu jahilcin abin ne, kuma barazanar kishiya da ake yi, ko da wasa aka yi ta, ita ke aika mace wurin mai jarka da gudu. NAFDAC kuwa abu ɗaya nake roƙo, wanda bai fi ƙarfinta ba: duk kayan da ke iƙirarin gyara homon ko ƙara mama ko kawo ni'ima, a tilasta rubuta gargaɗi a jikinsa, da Hausa, da boko da ajami, cewa mai tarihin kansar mama ko ta mahaifa kada ta sha sai ta tambayi likita.

Ranar asibiti ta gaba na juye durowar nan kaf a cikin jaka. Yaya ta ce ita bakinta ba zai iya ba, don haka na rubuta mata a takarda, layi uku, ta miƙa wa nas. Likitan ya karanta, ya sallami ɗaliban, ya ce a rufe ƙofa. Ya jera kayan a tebur. Kalsiyom da bitamin D ya tura mata gefe ya ce ta ci gaba. Kwalba mai fure ya juya bayanta, ya nuna mana DHEA a cikin ƙananan rubutu, ya jefa ta a kwandon shara. Jarkar ya ɗaga ya ce, "Hajiya, wannan ni ban san me ke ciki ba, ke ma ba ki sani ba." Bai yi mata faɗan wata biyun da ta yi ba ta sha magani ba, ya dai tambayi ranar da ta daina ya rubuta. Ya sa aka duba ta aka tabbatar ba sanyi ba ne, ya sauya mata ƙwayar da take sha zuwa tamoksifen, ya rubuta man danshi da man santsi, ya ce a dawo bayan wata biyu, kuma a zo da Alhaji.

Man santsi na samu a kemis na farko. Man danshin ne na yi ta yawo, har sai da na sa aka aiko mini da shi daga Legas, a kan kuɗin da ya ninka na tamoksifen ɗin wata. A kemis na huɗu da na shiga, na yi wa yaron bayanin abin da nake nema da wadda za ta yi amfani da shi, har ciwon na faɗa masa. Ya ce, "Anti, wannan ba mu da shi, amma akwai wanda ya fi shi." Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko mini kwalbar tsumi.